Yadda Baba Ya Ƙwace Keken Jikarsa

"...jiki da sauƙi, Amarya. Ya gajiyar hawan bene?"

"Gajiya ta tsofaffi ce, Ango. Ni ko haki ban yi ba. Ya zaman taga?"

"Taga lafiyarta ƙalau. Wannan uban kwalin fa? Tarewa kika yi ba sanarwa?"

"Allah ya sawwaƙe in tare a gidan mijin da ko ƙofa ba ya leƙawa."

Mai wannan bakin 'yar yayana ce, bakanikiyar kekuna. Wanda take yi wa kuwa mahaifina ne, kakanta. Baba ya ƙare ƙuruciyarsa yana raba wasiƙu a kan wani keken ƙarfe mai nauyin ɗan maraƙi, ya yi ritaya bai sauka daga kansa ba. A bene muke, a ƙasa kuwa ba a barin keke ya kwana, don haka kullum sai ya saɓa shi a kafaɗa ya sauka, ya saɓa ya hawo. Rannan keken ya rinjaye shi a tsakiyar matakala, suka gangaro tare. Allah ya tsare, ƙashi bai karye ba. Amma mu 'ya'yansa muka ɗaure keken da kwaɗo a baranda, muka kafa doka: keken da ba zai iya sauka da shi ya hawo da shi da kansa ba, ya gama hawansa. Ɗan dako kuwa mun san ba zai yarda da shi ba.

Tun daga nan Baba ya koma kujerar bakin taga. Mutumin da ke musu da rediyo ya daina musu da kowa. Ni da nake zaune da shi, tsoron kada zaman nan ya cinye shi ya fi mini tsoron faɗuwar.

Ga shi kuma ba ya karɓar kyauta daga hannunmu, wai shi bai kai a ba shi abinci a baki ba. Sai yarinyar nan ta ja ni kicin wata rana ta ce, "Gwaggo, kyauta ce ba ya karɓa. Ƙwace fa?" Gaskiyarta. Tun tana rarrafe yake ƙwace mata alewa, ita kuma ta gudu da hularsa, kuma a wasan kaka da jika abin da ka ƙwata ya zama naka. Shi ne yau ta zo wai za ta haɗa kekenta a falonsa, don ɗakinta ya yi mata kaɗan.

Ta shimfiɗa tsohon zanen gado a ƙasa, ta farke kwalin, ta zaro gangar jikin keke baƙa wuluk da hannu ɗaya. Baba ya gyara zaman tabarau.

"Ina keken?"

"Ga shi kana kallo."

"Wannan ai ƙwarangwal ne. Wane ƙarfe ne haka ba ƙyalli?"

"Ba ƙarfe ba ne, kabon ne. Zare ne ake jerawa sala-sala, a shafe da danƙo, a gasa ya daskare."

"Zare. To madalla. Mun ga keken zare, saura na auduga. In ya yage sai ki kai wa tela."

"Da shi ake fiffiken jirgin sama, Ango."

"Shi ya sa ban taɓa hawa jirgi ba. Waye ubansa? Ban ga suna a jikinsa ba."

"Sunan ake saya da tsada. Ni na bar musu sunan na ɗauko keken."

"Araha ba ta ado, yarinya."

"Da araha ba ta ado, da ban aure ka ba."

Baba ya yi tari don kada dariya ta kuɓuce masa. Rabon da in ji wannan tarin har na manta.

Ta kunna fitilar waya ta leƙa cikin kowane bututu, ta shafa gaɓoɓin da yatsa kamar mai duba ƙwai. Sannan ta miƙa masa hannu.

"Ara mini ƙwandala, in kana da ita."

"Ga amarya da roƙo tun ba a shiga ɗaki ba. Me za ki saya?"

"Ba saye ba. Mai araha sai an bincike shi. In na ƙwanƙwasa ya yi ƙara tas, lafiya. In ya yi bus kamar ruɓaɓɓen kankana, akwai rami a ciki, sai ya koma inda ya fito."

Ta bi jikin keken tana ƙwanƙwasawa a hankali. Ban san lokacin da Baba ya baro taga ya jawo kujera kusa ba. Ya karkata kunnensa mai ji, ya ɗaga mata yatsa.

"Koma baya kaɗan. Nan. Sake."

Ta sake.

"Lafiya lau," in ji shi. "Kunnena ne ya yi bus."

"Ai na san a gidan nan akwai abin da ya kamata a mayar inda ya fito."

"Da tsohuwar zuma ake magani. Maido mini ƙwandalata."

"Ta shiga aljihu. Ka san doka."

Ni dai ina gefe da butar shayi, ina kallon hannun yarinyar nan. Wallahi abin sha'awa ne. Ta jera kayan a kan zanen, kowanne da mazauninsa, ba ta lalube, ba ta ɗaukar abu sau biyu. Ta zura wayoyin birki ta cikin bututu suka ɓullo ta ɗaya gefen kamar an kira su. Baba kuwa sai ɗaukar kaya yake yana juyawa, yana neman aibi.

"Wannan giyar an taɓa hawanta. Ga goga a jiki."

"Ta hannu ce. Wani mai son yayi ya cire ya sa sabuwa, haƙoranta ko cinyewa ba su fara ba. Gargaren kuma na alminiyum ne, na kabon sai 'yan tsere."

"Ashe marowaciya na aura."

"Rowa ma sai an san inda ake yinta. A giya na yi, a gargare na yi. Birki da taya kuwa sababbi fil, don a nan rai yake."

Baba ya gyaɗa kai kafin ya tuna bai kamata ba. Sai ya wayance da matsa tayar.

"Wannan kuma ta babur ce ko ta amalanke? Keken gudu ai siririyar taya gare shi."

"Ta tsakuwa ce. Ta hau kwalta, ta hau burji, ta faɗa rami ba ta girgiza wa mutum ƙugu ba."

"Ke har kina da ƙugun da za a girgiza?"

"Ina tanadi ne saboda tsufa. Na ga yadda ya yi da wasu."

Da aka zo ɗaure notuna, hannun Baba ya kasa haƙuri. Ya miƙe ya ɗauko tsohuwar sifanarsa daga aljihun tebur.

"Matsa in ɗaure miki. Noti sai ya yi kuka ake sakinsa."

"Ajiye wannan guduma, Ango. Ƙarfe ake yi wa haka. Wannan in ka matse shi fiye da kima tsagewa yake ta ciki, ba ka sani ba sai ranar da ya watsar da kai." Ta ɗora masa wata siririyar sifana a tafin hannu. "Juya a hankali. In ta ce ƙas, ka tsaya."

"Sifana ce za ta ba ni umarni?"

"Ka samu mai faɗa maka ka tsaya ka ji, tunda 'ya'yanka sun gaza."

Ya juya, ya juya, sifana ta ce ƙas. Baba ya dube ta, ya dubi notin, ya matsa kan na gaba ba wanda ya sa shi. Sai da ya bi su duka, harshensa a gefen baki kamar ɗan makaranta.

"Ba laifi," in ji shi. "Wanda ya ƙera wannan yana da hankali. Ba danginku ba ne."

Ta sa kan keken, ta bar shi a sama sosai. Ta naɗe shi da kirtani mai taushi, ta ɗaura sirdi mai faɗi, ta auna tsayinsa da igiyar awo har sau biyu. Baba ya dubi sirdin, sannan ya dubi ƙafafunta.

"'Yan tsere ƙasa suke sa kai, su duƙa kamar masu neman allura. Ke kin ɗaga naki."

"Bayana ke ciwo."

"Uhm."

Ta bai wa tayoyi iska, ta murza feda, sarƙa ta bi haƙora sumul ba ko ƙara. Ta tsayar da keken a tsakiyar falo ta koma gefe tana goge hannu. Na rantse ko ni da ban san kan keke ba sai da na ji ina son taɓa shi.

"To, a tafa mini. Kada dai ka ce za ka ɗaga, kar ƙashinka ya ce ƙas."

"Ni kike faɗa wa ɗaga keke? Ina ɗaga keke ubanki bai san hannun damansa ba."

Ya tattara ƙarfinsa duka kamar yadda ya saba, ya kama, ya yunƙura. Keken ya tashi sama har ya kusa dukan fanka. Baba ya tsaya da shi a hannu ɗaya, baki buɗe. Ya sauke, ya sake ɗagawa da yatsa biyu.

"Amarya."

"Na'am."

"Kin ci ƙwandalata ɗazu."

"Na ci."

"To na ƙwace keke."

"Ka ƙwace me? Gwaggo, kina ji? Watanni ina tsintar kayan nan ɗaya-ɗaya."

"Banza ta kori wofi. Ki je ki hau ƙwandalar."

"Wallahi sai na kai ƙara."

"Ki kai. Alƙalin ma jikan wani ne."

Ya juyo gare ni, keken a kafaɗa, ya daina wasa. "Ke kuma, dokarku na nan yadda kuka faɗe ta?"

Na ce, "Tana nan, Baba. Ka sauka da shi, ka hawo da shi, ba mai taɓa maka."

Yarinyar ta kifa masa hular kwano a ka tana mita wai har da ita za a haɗa a sata. Ya fita. Muka tsaya a bakin ƙofa. Ya sauka taku ɗaya-ɗaya, hannu ɗaya a ƙarfen matakala. Muka ruga baranda. Ga shi can ƙasa ya ɗaga ƙafa ya haye, keken ya ɗan yi tangaɗi don bai saba da abin da ba ya gardama ba, sannan ya miƙe. Ya wuce shagon mai wanki, ya karya kwana ya hau hanyar tsakuwa ta bayan makaranta, bayansa a miƙe. Yarinyar ta riƙe hannuna.

"Sauka ba wuya, Gwaggo," in ji ta. "Hawowar nake ji."

Da ya dawo muka ji takunsa tun daga ƙasa. Na leƙa. Yana tafe yana haki, keken a kafaɗa. A daidai inda ya faɗi rannan ya tsaya. Na ɗaga ƙafa zan sauka, ta janyo mini mayafi.

"Ango," ta kira daga sama, "in ka gaji ajiye mini kayana a nan, in zo in ɗauke ku ku biyu."

"Ki ɗauki kakarki," in ji shi. Ya gyara keken a kafaɗa, ya ci gaba da hawowa.

Ya shigo falo da ƙafarsa, ya jingine keken a bango a hankali kamar mai kwantar da jariri, ya zauna. Na ba shi ruwa ya sha. Ni kam hawaye nake, ban ɓoye ba.

"Zo nan, Amarya. Hau keken nan in gani."

"Ba na hawan kayan sata."

"Hau mana."

Ta hau. Ƙafarta ta tsaya tana lilo, tsakaninta da feda kusan taƙi guda.

"Zan ƙara tsawo," in ji ta.

"A shekarunki? Sai dai faɗi." Ya dube ni. "Wandona mai ruwan toka da na yi ta nema, ashe aikin awo ya tafi."

Ni da ita muka dubi juna. Baba ya fara dariya, irin wadda ke girgiza masa kafaɗu, har ya cire tabarau yana goge ido da bakin riga.

"Na yi ƙwace iri-iri a rayuwata," in ji shi, "amma ban taɓa ganin inda aka auna ƙafar ɓarawo kafin ya zo sata ba. Kin kayar da ni, 'yar nan. Allah ya yi miki albarka."

"Amin, Kaka," ta ce a hankali.

"Sauko mini daga kan keke, kar ki lalata mini sirdi."