Kalmar Sirrin Ila

Har yau ana ba da labarin ranar da Ila ya ɗaura wa makarantar Harira da ke Hayin Banki sabuwar saba, wato babbar kwamfutar da ke ajiye sakamakon jarrabawa. Ya kewaye ta da fayawol don hana ɓarayin intanet shiga, ya toshe kowace ƙofa har da tasa, ya tafi Zariya abinsa. Washegari iyaye suka cika harabar makaranta, sakamako ya ƙi fitowa. Harira tana ta safa da marwa a ofis, ta danna wa Ila, taubashinta, waya.

"...lafiya lau, ya gajiyar hanya? Kai bawana, wane irin magini ne ke ginin ɗaki ba ƙofa?"

"Wa ne bawanki? Ba ke kika ce kada kowa ya shiga ba?"

"Kowa na ce, ban ce har da mu ba! Iyaye sun kusa ɓalle mini taga."

"Daga nan na'urar ba ta san ni ba. Zauna gabanta, ki rubuta abin da zan faɗa."

Ya faɗa, ta rubuta, ƙofa ta buɗe. Sai kuma databes, rumbun sunayen ɗalibai, ya nemi kalmar sirri.

"Mece ce kalmar?"

Ila ya yi tari. "Ba na jin ki sosai."

"Ƙarya kake, mai kai kamar tulu! Faɗi!"

"To... HariraMaiRowa. A haɗe."

"Ni? Ni da na ciyar da kai tun kana yawo ba wando?"

"Ƙanzo kike ba ni, shi ma sai kin ƙirga."

Iyaye suka shiga ƙwanƙwasa ƙofar ofis. Harira ta cije leɓe, ta rubuta HariraMaiKyauta. Na'ura ta ƙi. Ta sake, ta ƙi.

"Ta ce saura gwaji ɗaya ta kulle!"

"Me kika rubuta?"

Ta faɗa masa ciki-ciki. Dariyarsa har a waje an ji ta. Ba yadda za ta yi, ta zagi kanta da yatsunta, harafi bayan harafi. Sunayen yara suka zubo reras.

Dariya ta ƙwace mata. "Ka ci wannan. In ka dawo akwai waina, amma sai ka canza kalmar nan."

"Ni ba ruwana," in ji Ila. "Sau biyu kika yi mata ƙarya ta ƙi. Waina nawa ne, in san ko da dalilin canzawa?"