Yadda Za Ka Cika Reshen 'Yan Mazan Jiya Ko da Mazan Jiyan Sun Ƙare

Kai da ka fita alwala ka dawo ka tarar an zaɓe ka shugaban reshen ƙungiyar tsofaffin sojoji, kwantar da hankalinka. Ga hanya nan da aka jarraba a kan mutum mai rai, wani Kofur da ya ƙare aikinsa yana tuƙa tankar ruwa a bariki. Ya karɓi reshe yana numfashi da ƙyar, ya mai da shi wurin da kujeru ba sa isa. Bi sawunsa, abin da ya same shi kai ma zai same ka. Wannan alkawari ne.

Mataki na 1: Samo abin tsoro

Kishin ƙasa ba ya cika ɗakin taro. Tsoro ke cika shi.

Reshen Kofur yakan taru a wani ajin firamare ranar Asabar da babu yara, dattawa a dunƙule kan bencin 'yan aji ɗaya, gwiwa har ƙirji. Manjo yana gyangyaɗi. Saje ba ya ji da kunnen da ke fuskantar shugaba. Sauran sai ranar da ƙafa ta yarda. Kofur bai damu ba, sai da aka bugo waya daga hedkwata: Kanar zai zo duba rassa, duk wanda aka samu ya ƙanƙance za a haɗe shi da reshen ƙetaren gada.

Shugaban ƙetaren gada kuwa Samanja ne, mutumin da ya taɓa sa Kofur tsallen kwaɗo daga gadurum, ɗakin tsare masu laifi, har ƙofar bariki, a ranar da amaryar Kofur ta fara kawo masa abinci. Tana tsaye da kwano a hannu tana kallo. Yanzu sun yi jikoki, amma har gobe in ta ga kwaɗo a tsakar gida sai ta ce, "Baban yara, fito ga abokin aikinka."

In kana da irin wannan mutum a tarihinka, ka gama rabin aiki.

Mataki na 2: Faɗaɗa ma'anar soja

Dokar ƙungiya ta ce a karɓi duk wanda ya yi wa runduna hidima. Lura da kyau, ba ta ce wace irin hidima ba.

Kofur ya fara da telan bakin kasuwa.

"Ba kai ka ɗinka kakin bataliya guda ba?"

"Facin gwiwa dai nake yi musu, Kofur."

"To soja zai je yaƙi da gwiwa a waje? Asabar, bayan la'asar."

Mai aski ya shiga, don ya aske kuratan da ba sa ƙirguwa. Mai gadin gidan mai ya shiga, yana da hula da usur. Wani malamin makaranta da ya taɓa buga ganga a fareti yana yaro, shi ma aka ce ɗan badujala ne.

Mataki na 3: Kada ka tsallake surukai

Ƙanin matar Kofur bai taɓa taka bariki ba, amma wani soja ya taɓa sharara masa mari a shingen bincike.

"Ai ka ɗanɗana aikin," in ji Kofur.

"Wallahi, Yaya, har yau kunnen yana ƙara."

"Mu rauni muke kiran wannan. Kana cikin waɗanda suka jikkata."

Mataki na 4: Toshe bakin mai ƙorafi da muƙami

Wata Asabar Manjo ya farka ya ga mai aski zaune kusa da shi. Ya buga sanda a ƙasa.

"Kofur! Ni da na kwana a rami ruwa har wuya, ni za ka haɗa benci da mai almakashi?"

Kada ka yi gardama da hafsa, ko da ya yi ritaya tun kafin a haifi ɗanka na fari. Nan take Kofur ya naɗa shi Uban Ƙungiya, ya sa aka ɗauko masa kujerar hedimasta mai hannu. Manjo ya zauna, ya gyara, ya koma barcinsa cikin mutunci. Saje kuma aka ba shi Jami'in Sauraron Koke-koke. Tun daga ranar babu koken da ya iso wurin shugaba.

Mataki na 5: Koya musu abin da za a gani kawai

Kofur ya gwada fareti sau ɗaya a filin makaranta. Ya ce hagu, rabinsu suka yi dama, tela da mai gadi suka yi karo da goshi. Shi kansa, gaskiya, ya fi sanin giyar mota da birki.

Sai ya taƙaita darasin: tsayuwa a ƙame, sarawa, da amsa ɗaya tak. In babba ya tambaye ka inda ka yi yaƙi, ka kalli nesa, ka ja dogon numfashi, ka ce, "Yallaɓai, a bar maganar nan." Babu wanda ke da ƙarfin halin sake tambaya.

Mataki na 6: Tarbi mai dubawa da ƙirji a gaba

Ranar ta zo. Sahu ya miƙe daga bakin aji har gindin tuta. Kanar ya bi su ɗaya-ɗaya, ya tsaya gaban mai aski ya tambaye shi inda ya yi aiki. Mai aski ya kalli nesa, ya ja numfashi har sai da hawaye ya taru masa. Kanar ya dafa kafaɗarsa ya wuce.

Sai aka buɗe ƙofar bayan mota, wani tsoho ya fito a hankali, sanda ta riga shi sauka. Kakinsa ya sha guga, amma ya yi masa yawa kamar na aro. Sai da Kofur ya kalli gashin bakin sannan ya gane Samanja ne.

Kanar ya ja Kofur gefe, ya rage murya.

"Reshensa ya ƙare. Watan jiya ya binne mataimakinsa, shi ne na ƙarshe. Duk Asabar yana buɗe ɗakin taro ya zauna shi kaɗai, lokaci ya cika ya rufe. Daga yau yana ƙarƙashinka."

Mataki na 7: Rama abin da aka yi maka

Wannan ce ranarka. Kofur ya daɗe yana shirya jawabin, a banɗaki, a kan babur, har cikin sallah Allah Ya yafe masa.

Samanja ya tako har gabansa, ya mai da sanda hannun hagu, ya sara masa.

"Shugaba, na kawo kaina."

Kofur ya buɗe baki. Abin da ya fito shi ne, "Yallaɓai, a kawo kujera?"

Samanja ya juya yana kallon sahun.

"Su wane ne waɗannan?"

"Membobi ne, yallaɓai."

"Wancan mai tumbin ko tsintsiyar bariki bai taɓa riƙewa ba." Ya sake kallonsu, da yawansu, a tsaye, suna numfashi. Sai ya cika ƙirji ya daka tsawa: "Ƙame!"

Manjo ya zabura daga barci ya miƙe. Saje ya ji, da kunnen da ba ya ji. Tela ya sandare, saura kaɗan mai gadi ya haɗiye usur. Kofur ya duba ya ga ƙafafunsa sun haɗe tun kafin su nemi izininsa. Fuskokin sababbin membobi kuwa sai sheƙi suke, ashe abin da suka zo nema ke nan tun farko: soja na gaske ya yi musu ihu.

Mataki na 8: Ci gaba da mulki

Yanzu duk Asabar Samanja ke horar da su daga kan kujera. Yana zagin su har kakanni, su kuma suna kawo abokai. Tela ya san hagu. An ce Samanja ya ƙara ƙiba. Hedkwata ta yaba wa reshen a gaban kowa.

Kofur shi ne shugaba har yau, babu mai ja. Aikinsa shi ne ya haye gada ya ɗauko Samanja a babur, ya riƙe masa sanda, ya tuna masa shan magani. In sun shiga gargada sai ya ji an mintsine shi a haƙarƙari: "A hankali, Kofur, ba ruwa ka ɗauko ba!"

"To, yallaɓai," in ji shugaba.

Gargaɗi

Mai wannan jagora ba shi da hannu a ciwon baya, karon goshi, ko surukin da zai fara neman a sara masa a gidan biki. An yi maka alkawarin reshe zai cika, ba a ce kai za ka riƙa ba da umarni ba. In kana da koke, kai wa Saje.