Maɓallin Gwoggo Tabawa

A wani gari da ake kira Sai-Godiya, magabata sun bar wata ƙa'ida wadda har na tsufa ban ga mai kyanta ba. Da aka kafa garin, an ƙera wa kowane gida maɓalli guda na tagulla, mai zanen dabino a fuska. Duk wanda ya shiga fada da shi a jikinsa, wajibi ne Mai Gari ya saurari kukansa har ƙarshe, ko da a kansa ake kukan. Haka aka yi a zamanin kakansa. Haka aka yi a zamanin mahaifinsa, wanda aka ce sauraro ne ya tsufar da shi da wuri.

Mai Gari na yanzu mutum ne mai ƙaunar tarihi. Tausayin maɓallan ya kama shi, ganin yadda gumi da sabulu ke cinye su a wuyan talakawa. Sai ya gina Gidan Kiyaye Gadon Jama'a Daga Jama'a, ya naɗa Malam Ilu Sarkin Tantancewa, majalisa kuma ta zartar cewa duk maɓalli na asali kayan tarihi ne, mazauninsa akwatin gilashi. Wanda ya miƙa nasa akan ɗauke shi hoto. Kasuwa ta cika da na roba, sun ma fi ƙyalli.

Ana haka aka karkatar da rafin garin zuwa lambun fada, albasar wata tsohuwa, Gwoggo Tabawa, ta fara bushewa. Ita kaɗai ta rage da maɓallinta. Ta ɗinka shi a wuyan riga, ta nufi fada. Malam Ilu ya tare ta a zaure.

"Gwoggo, kawo in duba."

"Ka duba me, Ilu? Ina ɗaure da shi na goya ka."

"Aikin hukuma ne. In na asali ne, gilashi zai shiga."

"In kuma jabu ne?"

"To, ba ki da ikon magana."

"Wanne ne zai kai ni gaban Mai Gari?"

"Gwoggo, wannan ba fannina ba ne. Ni tantancewa kawai nake yi."

Tsohuwa ta sa haƙori ta tsinke zaren, ta jefa maɓallin a baki, ta rufe gam.

A nan majalisa ta nuna zurfin iliminta. Aka waiwayi hukunce-hukuncen dā, aka tarar ba a taɓa buɗe bakin tsohuwa da ƙarfi ba. Aka kuma tabbatar cewa baki ɓangaren jiki ne, saboda haka ta cika sharaɗi. Aka shigar da ita da girmamawa. Malam Ilu ya durƙusa gefenta, riƙe da ƙaramin faranti shimfiɗe da auduga, daidai haɓarta.

Mai Gari ya gyara zama, ya ce, "Gwoggo, kunnena naki ne. Faɗi duk abin da ke ranki, kada ki rage komai."

Ta dube shi, ta dubi farantin. Fada ta yi tsit har inuwa ta juya.

Waziri ya rusuna. "Ranka ya daɗe, da alama ba ta da ƙorafi."

"Ku shaida," in ji Mai Gari. "Ban katse ta ba."

Albasa ta ƙone a tsaye. Amma kowace ranar kasuwa Gwoggo na zuwa, ana ba ta tabarma, ana sauraronta yadda aka gada.

Don haka nake mamakin samarin da ke cewa ƙa'idar magabata ta mutu a Sai-Godiya. Har gobe akwai mutum guda a garin mai cikakken ikon magana. Malam Ilu kuwa, da yake yaro ne mai zumunci, ya bar gurbi ɗaya a cikin gilashi, kuma kullum safiya sai ya aika a tambayo yadda Gwoggo ta kwana da jiki.