Mai Sayen Guduma Ya Iso

"...ya kwanan ɓeraye, mutuniyar gabas? An samu na miya kuwa?"

"Lafiya lau, mai cin biri. Ya dangi a kan bishiya?"

Haka muke gaisawa da Tikambenji Daka kullum safiya a ƙofar filin ƙwallo na Mpatamatu. Ita 'yar ƙabilar Ngoni ce daga gabas, ni ɗan ƙabilar Bemba, kuma wasa ne tsakaninmu tun kakanni: muna ce musu masu cin ɓera, suna ce mana masu cin biri. Ko a gidan makoki muka haɗu sai ta bulbule min kai da garin masara. Tuwo da kaji take sayarwa a rumfarta. Ni kuwa, Nkole Chisanga, na tsare wa ƙungiyar Guduma raga a zamanin da gwiwoyina ke jin magana, yanzu ciyawar filin nake yankewa. Kamfanin haƙar tagulla ne ya kafa ƙungiyar, kuma tun farkon damina gari ya ɗauka cewa zai sayar da ita.

Ta ajiye muciya ta ƙare min kallo. "Tsaya. Kwat ka sa? Nkole, wa ya mutu ba a gaya min ba? Bari in ɗebo gari."

"Ajiye garinki. Maigida nake jira."

"Wane maigidan?"

"Sabon mai ƙungiya mana. Wanda ya zo shekaranjiya a farar mota."

"Au, Balaraben?"

"Wa ya ce miki Balarabe ne?"

"Matar mai gyaran takalmi. Ta ce yana da ƙungiyoyi a Turai kamar kajin gidana, tamu ce kawai ta rage masa ya huta."

"A mashaya sun ce ɗan China ne. A coci kuma an ce mai motocin haya ne daga Lusaka. Ni na gan shi da idona, baƙi ne wuluk kamar gindin tukunyarki, kuma Bemba yake yi tsantsa."

"Bemba da farar mota? To maza kulle sito. Motar ma ina jin aro ya yi, ya manta bai gaya wa mai ita ba."

"Hassada ce. Ku da tun da kuka zo garin nan kekenku ɗaya, shi ma na gado."

"Mu bar keke. Me zai saya a nan, fisabilillahi? Rabon Guduma da ɗaga kofi ina goyon 'yata Misozi, ga shi yau Misozin ce ke goyo."

"Tarihi zai saya."

"Wane tarihin? Naka? Kai da 'yan kallo suka sa wa suna Ƙofar Coci, kowa ya zo sai ya shiga?"

"Laifin wa? Tuwonki nake ci kafin wasa. Tuwon da in ya zauna wa mutum a ciki, tsalle kuma sai gobe."

"Da tuwon ne, ai da ka toshe ragar da tumbi."

Na gyara wuyan kwat na ja benci na zauna. "Ke dai ba ki san manya ba. Ni na zagaya da shi ko'ina. Mutumin nan ya san ƙwallo. Kowane ginshiƙi sai ya ƙwanƙwasa ya kasa kunne. Ya kankare turken raga da makulli. Har nauyin rufin rumfar 'yan kallo ya tambaye ni."

"'Yan wasa fa? Ya tambaya?"

"Bai kai nan ba tukuna. Masu kuɗi daga tushe suke farawa."

"Kai kuma me ka ce masa?"

"Na ce in yana neman mai ba da shawara, ga ni. Ya ce zai dawo yau da yaransa."

Ta koma kan tuƙin tuwonta. Da ta sake magana muryarta ta sauka.

"Nkole, bar wasa. In gaskiya ne abin da ake faɗa, cewa mai sayen Lusaka zai kai 'yan wasan fa? Ranar wasa ce ke ciyar da jikokin nan. Sauran kwanakin, kai da ƙudaje ne abokan cinikina."

Ni ma abin da ya hana ni sukuni ke nan. Ɗakin da nake kwana a bayan wurin canza kaya yake, kuma babu wanda zai sa ciyawa a mota ya kai Lusaka don in bi ta. Kwat ɗin ma ba don ado na sa ba, so nake ya ga kamar ina da amfani. Amma ba a faɗa wa 'yar Ngoni irin wannan.

"In sun tafi sai in aure ki," na ce, "mu koma gabas, ina haƙo ɓeraye kina gasawa."

"Allah ya kiyaye. Ɓeran ma ta tsakanin ƙafafunka zai wuce."

Muna cikin haka farar motar ta shawo kwana. Bayanta wata tsohuwar babbar mota ce tana tari, ɗauke da tukwanen gas da ƙarti masu baƙin tabarau. Na miƙe na ƙame kamar ɗan sanda.

"Barka da zuwa, yallaɓai! Guduma tana maraba da sabon ubanta!"

Mutumin ya dube ni ya dubi kwat ɗin. "Tsoho, biki za ka? Buɗe mana ƙofar baya, mu fara da tsohuwar rumfar gabas, wadda aka rufe."

"Gyara za a yi?"

"Yankawa za a yi. Kamfani ya sayar min da ita. Ni tsofaffin ƙarafa nake saye."

"To... ƙungiyar fa, yallaɓai?"

Ya yi dariya har da riƙe ƙofar mota. "Ƙungiya? Haba tsoho, ai ina jin sakamako a rediyo. Shi ƙarfe ko ya yi tsatsa ana narka shi. Ku kuwa in yi yaya da ku?"

Na buɗe musu ƙofa na dawo. Tikambenji tana zaune a kan buhun gawayi, tana share hawaye da bakin zane.

"Mai ba da shawara! Daga tushe suke farawa!"

"Yi dariyarki. Rabin rayuwata na ba filin nan, ashe ruɓaɓɓen kwano zai riga ni samun mai saye."

"Da ka ce ya ɗora ka a sikeli. Haƙorin ƙarfen nan naka zai yi wani abu."

"Amma kin lura? Ba mai kai mu Lusaka."

Ta tsaya da dariyar. "Wallahi kuwa. Wa zai biya kuɗin mai?"

"Kin gani. Da mun iya ƙwallo, da tuni an raba mu da abincinmu. Duk ƙwallon da na bari ta shige, aikinki nake tsare miki."

"To Allah ya ƙara muku rashin sa'a, ɗan biri."

"Amin. Asabar ma za mu yi ƙoƙari."

Sai ga Sakala mai fenti ya tsaya da kekensa, da wani dogon allo ɗaure a baya. "Mama Daka, ga aikinki ya bushe. A ina zan kafa?"

Ta zabura tana kaɗa masa hannu. "Wuce, wuce! Ba nan ba ne!"

Na riga ta isa. Na juya allon, na karanta da ƙarfi yadda har masu yankan ƙarfe za su ji: "GIDAN ABINCIN DUBAI. MARABA DA MAI GIRMA." Ga raƙumi an zana a gefe, mai kama da akuya mai ƙusumbi.

"Tikambenji! Ni dai kwat na ciro a akwati. Ke har da raƙumi?"

Ta dubi allon ta dube ni. Sai ta fashe da dariya, ta kama hannuna ta zaunar da ni, ta tsamo cinyar kaza mafi girma a tukunya ta ɗora min a kan tuwo.

"Yau ka kama ni, mai cin biri. Cika bakinka da wannan, kada matar mai gyaran takalmi ta ji."