Yadda Ake Gina Shago a Tsakiyar Burtali da Izinin Hukuma

Kai da ka hango fili a bakin kwalta, ranka ya biya, aka ce maka burtali ne, hanyar shanu, ba a gini a wurin: kwantar da hankalinka. Ana gini. Da idona na ga an yi, a wani gari nan ƙasar Kurfai da ba zan faɗi sunansa ba, domin har yanzu ina cin kasuwarsa. Wanda ya yi shi ne Alhaji Magagi, mai sayar da siminti da kwanon rufi, kuma takarda ya samo mai hatimi uku. Na bi aikinsa tun daga rani har kaka, na rubuta maka. Ka bi matakan nan bi da bi, na ɗaukar maka alkawari: kafin a yanke gero shagonka yana tsaye, izininka yana rataye a bango cikin gilashi.

Abin da za ka tanada kaɗan ne: mota biyu ta yashi, rago ɗaya, lemu mai sanyi. Kunya kuwa ka bar ta gida, nauyi za ta yi maka.

Mataki na 1: Daina kiran wurin burtali

A dosiyen da za ka kai wa kwamitin filaye, wato takardun neman izini, ka rubuta: fili wanda ba a nomawa. Ba ka yi ƙarya ba. Tun kakanninmu ba wanda ya taɓa kai fartanya wurin, don sun san abin da ke bi ta ciki. Wannan dalilin kada ka rubuta shi. Takarda ba ta son dogon bayani.

Mataki na 2: Kada ka taɓa turakun iyaka

Hukuma ta kafa turakun siminti masu fenti ja da fari a gefen burtali biyu. Wawa ne ke tuge su, a kama shi. Alhaji Magagi bai tuge ko ɗaya ba. Da rana tsaka, ranar kasuwa, kowa na kallo, ya sa aka juye motar yashi a kan wannan, aka juye wata a kan wancan. Turakun suna nan inda aka kafa su, lafiya lau, ƙarƙashin yashi. In an ce ka rantse ba ka gusar da iyaka ba, ka rantse da ƙarfi.

Mataki na 3: Dubi wanda zai sha wahalar, ka tabbata ba shi da kowa

Wannan matakin ne gindin aikin, ka karanta shi sau biyu. Shanu ba sa tashi sama. In ka toshe musu hanya, gefe za su faɗa. Saboda haka ka duba gonar wa ke gefe. In ta ɗan'uwan magajin gari ce, ka haƙura, ka nemi wani burtalin.

Alhaji ya dace. Yamma da burtalin dutse ne, gabas kuma gonar Kubura, wadda mijinta ya rasu ya bar mata baki bakwai da rumbu ɗaya. Gonar nan ita ce abincinsu na shekara, ba su da wata. Shingen aguwa ne kawai tsakaninta da hanyar shanu.

Ranar da aka juye yashi, Kubura ta sami Alhaji a wurin.

"Alhaji, ina wuni. Wanga yashi na mi ne?"

"Ajiya ce, Kubura."

"Duk faɗin garin ga, ba ka ga wurin ajiya ba sai bisa hanyar shanu? In sun sauko da kaka ta ina za su bi?"

"Allah ba ya hana bawa hanya."

"Ya ba su. Kai ka zuba mata yashi."

Ka lura da abin da ya yi: bai yi fushi ba, ya ambaci Allah, ya hau motarsa. Haka za ka yi. Mace marar miji, muryarta ba ta wuce bakin shingenta.

Mataki na 4: Kawo kwamiti ziyara a tsakiyar rani

Dole kwamiti ya zo ya ga wuri kafin ya yanke hukunci. Kada ka ji tsoron wannan, lokacin kawai za ka zaɓa. Watan da zafi ke fasa dutse, ƙarfe ɗaya na rana. A lokacin burtali ba shi da bambanci da kowane rairayi: ba saniya, ba ciyawa, sawun kofato iska ta shafe.

Ka aika musu motarka mai sanyi. Na tsaya a inuwar aduwa ina kallo ranar da suka zo, mutum biyar. Ba wanda ya sauko. Malam Nuhu, sakataren kwamiti, shi ne ya sauke gilashi kamar faɗin tafin hannu, ya leƙo.

"Ina shanun da ake faɗi?"

Alhaji ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ma su nake nema."

Aka yi dariya, aka ɗaga gilashi. Ma'aikacin hukumar kiwo da ke kujerar baya ya fara cewa a taswirarsa akwai wani layi, aka miƙa masa lemu. Daga nan sai gidan Alhaji, inda rago ke jira. A rahoto aka rubuta cewa kwamiti ya duba wuri da kyau. Gaskiya ne, gilashin motar wankakke ne.

Mataki na 5: A yi zaman hukunci bayan ruwa ya sauka

A kwamitin akwai kujerar wakilin makiyaya. Mai ita a garin nan shi ne Jibo, dattijon da ke jan garken yankin zuwa arewa kowace damina, ya dawo da su da kaka. In yana zaune, aikinka ya lalace, don ya san burtalin nan kamar ɗakin uwarsa. To, me zai kai ka zama a gabansa? Ka ce dosiyenka bai cika ba, ka yi ta jan ƙafa har a yi shuka. Da gero ya tsiro, doka da kanta ce ke korar makiyaya daga cikin gonaki. Sai Jibo ya yi tafiyar kwana goma sha biyar, inda waya ba ta kamawa, sannan ka ce dosiye ya cika. Za a aika masa sammaci zuwa rugar da ya tashi, a rubuta: an kira shi, bai zo ba.

Saura sanarwa. Ana manna ta wata guda don mai ƙorafi ya fito. Ka roƙa a manna ta da Faransanci, a bayan ƙofar biro, wato ofishin kwamiti, ƙofar da ke wuni a buɗe tana jingine da bango.

Kubura ba ta karanta komai ba, amma ta ga an kawo bulo. Ta bar noma, ta taka har biro.

Malam Nuhu ya ce, "Inna, ƙorafi a rubuce ake kawo shi."

"Ɗana, ga ni da bakina. Kai da ka iya, rubuta."

"Ba aikina ba ne. Ki dawo Alhamis."

Ta dawo Alhamis, an tafi taro Filinge. Ta dawo wata Alhamis, mai mabuɗi ya je suna. A ta uku aka gaya mata wa'adi ya cika jiya. Kwana huɗu na noma ta rasa a tsakiyar damina. Kai wannan ba asararka ba ce.

Mataki na 6: Bar wa shanu hanya a takarda

Izinin da za a ba ka na musamman ne, wato an ɗage maka doka da sharaɗi. Sharaɗin Alhaji shi ne ya bar mashigi. Ya bari kuwa: taku uku, tsakanin bangonsa da shingen Kubura. Jaki da kaya zai wuce in ya yi hankali. Garken da ke bin wurin ya fi saniya ɗari huɗu, masu ƙaho kamar reshen gawo. Kada ka damu, takarda ba ta faɗi faɗin mashigin ba, kuma ba wanda ya tambayi saniya.

Ka yi gini da sauri. Abin da ya riga ya tsaya, ba mai son ya rusa.

Mataki na 7: Ranar da shanu za su sauko, ka yi tafiya

Labarin saukowarsu yana riga su isowa. Alhaji ya ji, ya tafi Yamai sayen kaya. Ni ban je ko'ina ba, don haka zan gaya maka abin da ba za ka gani ba.

Da hantsi suka iso. Geron Kubura ya nuna, saura mako guda a yanka, zangarniya ta sunkuya don nauyi. Jar saniyar da ke gaba, wadda ta bi hanyar nan shekara goma, ta zo ta tarar da bango. Ta tsaya. Na baya ba su san an tsaya ba, ƙishirwa ke tura su, sun ji ƙamshin rijiyar da ke ƙetaren kwalta. Jibo da mutanensa suka ruga gaba da sanduna suna ihu. Ina! Shingen aguwa ya kwanta kamar tabarma.

Kubura ta fito da muciya a hannu, ta shiga tsakiyarsu tana duka. Jibo ne ya fizgo ta kafin a tattake ta. Ba a yi tsawon shan shayi ba, kashi biyu cikin uku na gonar ya zama turɓaya.

Ta zauna a ƙasa. Ba ta yi kuka ba. Ta riƙa tsintar zangarniyar da ta rage tana kakkaɓewa tana sawa a bakin zane. Jibo ya tuɓe malafarsa ya tsaya a kanta. Shekara ashirin, duk lokacin da aka saki gonaki bayan girbi, a gonarta yake sauke shanunsa, su bar mata taki, ta ba shi damin gero, matansa su kawo mata nono. Ba su taɓa sa-in-sa ba.

Mataki na 8: Bari laifi ya sami mai shi

Za ka yi mamakin saurin kwamiti. Washegari da safe suka iso, wannan karon duk suka sauko daga mota, da igiyar awo. Ɓarnar gona ce, dokarta a fili take: shanu sun shiga kafin a saki gonaki, makiyayi ya biya. Bangonka yana tsaye a gabansu, fari ƙal, ba wanda zai ambace shi. Yana da takarda.

Malam Nuhu ya ce, "Inna, za mu sa Jibo ya biya ki."

Ta ce, "Jibo ya gina bangon?"

"Ba maganar bango muka zo yi ba."

"To ni ba ni da magana da Jibo. Saniya ba ta sa hannu ga takarda ba. Ku kun ka sa. Naɗe igiyarka, ɗana, kada ta yi datti."

Kai dai ka dawo bayan kwana uku, ka je mata jaje da buhun shinkafa rabi. Ka zauna, ka yi salati, ka ce gonar nan ta zama hatsari, kowace shekara haka za a yi, gara ta sayar ta huta, kuma don zumunci kai za ka saya. Wanda rumbunsa ba komai ba ya dogon ciniki. In ta sayar, ka koma mataki na ɗaya, ka nemi izinin faɗaɗa shago.

Abin da alkawarina bai ɗauka ba

Na ce za ka sami shago da izini, ka samu. Ban ce Kubura za ta sayar ba.

Ta saurari Alhaji har ya gama, ta sa aka mayar masa da shinkafarsa mota. Ranar da aka yi shelar sakin gonaki, ta aika wa Jibo. Ta ce bana ba ta da gero ko dami ɗaya da za ta ba shi, amma ya zo ya sauka, kuma kada ya sauka tsakiyar gona kamar kullum, ya kafa turakunsa a bakin iyaka, daidai ƙofar shagon. Ya kira ƴan'uwansa su ma.

Yau wata na huɗu ke nan. Shanu ɗari huɗu ke kwana a ƙofar Alhaji. Kashi ya kai idon sawu, ƙuda ya rufe gilashin da takardar izini ke ciki. Mota ba ta iya juyawa ta ɗauki siminti, masu saye sun koma wani shago. Alhaji ya garzaya biro da dosiye sabo. Malam Nuhu ya buɗe littattafansa ya rufe, ya ce ba inda aka rubuta cewa mai gona na neman izini kafin ta sauki baƙo a gonarta da rani. Ya ce ya dawo Alhamis.

Kada ka ɗauka an rama mata. Rumbunta babu komai. Ƴaƴanta biyu manya sun tafi ci-rani tun kafin lokaci, sauran suna rayuwa da nonon da matan Jibo ke kawowa da abin da maƙwabta suka sam mata. Bangon yana nan, kaka mai zuwa shanu za su sake tarar da shi.

Saboda haka ni ba ruwana. Ba ruwana da ƙuda, ba ruwana da cinikin da ya mutu, ba ruwana da gaisuwar da mutane suka daina amsa maka a masallaci. Abin da malamai suka ce ana rataya wa mai cin iyaka a wuya ranar gobe kiyama, wannan ma ka je ka tambaye su, ba a biro ake sa masa hatimi ba. Wanda ya bi matakan nan ya bi don kansa, kada ya zo ƙofata.

In kuwa kana son jin ƙarshen darasin daga bakin mai shi, ka bi ta wurin da safe. Za ka tarar da Alhaji da tsintsiya yana share ƙofar shago, Kubura na zaune a kan turmi daga cikin iyakarta tana kallonsa. Jiya ina wucewa na ji ta ɗaga murya:

"Alhaji, sannu da aiki! Turo shi nan gefena, kada ka zubar. Takina ne."