Takalman da Na Shanya a Rufin Nuzla

Ba zan taɓa mantawa da ranar da takalmi ya tona mini asiri a kan dutsen Lubnan ba, kuma ko na so in manta, matata Safiya tana nan da ranta, ba za ta bari ba.

Ni mutumin Damagaram ne. Na shigo Jidda ina saurayi, na sami aikin tuƙi a gidan wani attajiri a unguwar Aziziyya, aka haɗa ni da ɗansa in riƙa jansa. Wannan ɗan shi ne kafilina har yau, wato wanda nake zaune a ƙasar da sunansa, Abu Tarik, sai dai a lokacin babu Tarik babu uwar Tarik. Samari ne mu duka, bambancin kawai shi yana bayan mota ni ina gaba. Ba abin da yake so a duniya irin wasan zamiya a kan ƙanƙara, wanda suke kira tazalluj. Tun da yaƙin Lubnan ya lafa, duk sanyi sai mun je: jirgi ya sauke mu a Beirut, in karɓi mota in hau da mu dutse. Wata shekarar ma mu dawo, kafin kaya su sha iska mu sake komawa, don ba mai jiransa a gida, ni ma ba mai jirana.

Aikina ɗaukar kaya ne, amma da ya gaji da ganina ina karkarwa a jikin mota, sai ya sa aka ɗaura mini dogayen allunan nan biyu a ƙafa. Na sha ƙasa har kunya ta fita daga idona, daga baya na iya daidai gwargwado (wato ina saukowa daga ƙaramin tudu ba tare da na rungumi matar wani ba). A tafiyarmu ta ƙarshe ya sayi sababbin takalma, ya ba ni tsofaffin. Jajaye ne, na roba mai tauri, da maɗauran ƙarfe, ga nauyi kamar turmi. Ya ce in ajiye su, baɗi muna nan.

Baɗin nan ba ta zo ba. Ya yi aure, amarya ta ce ba ta son sanyi. Shekara ta kewayo ga ciki, ta sake kewayowa ga goyo. Da yara suka shiga makaranta, ɗan hutun tsakiyar shekara ya koma na zuwa Madina gaida surukai. Tafiyar da a da jaka ɗaya ta ishe mu, yanzu sai an yi lissafin akwatuna da masu raino da wanda zai yi amai a hanyar dutse, Abu Tarik ya duba ya ga nisan ya ninku, ya haƙura. Ni ma na auri Safiya, haifaffiyar unguwar Nuzla a nan Jidda, muka fara tara namu yaran, maigida Abu Tarik ya yi mini alheri ya sa iƙamarsu duka, wato takardar izinin zama, a ƙarƙashin shagonsa. Hutuna kuwa, in ya samu, Damagaram nake kai shi. Da wane baki zan gaya wa tsohuwata ban zo ba saboda na tafi birgima a ƙanƙara?

To amma takalman ban sake su ba. Mahaifina baduku ne, na tashi ina ganin ana shafa wa fata mai, ana fitar da ita ta sha rana don kada funfuna ta ci ta. Ni kuma a kaina takalmi takalmi ne. Ɗakinmu na saman bene ne a Nuzla, inda danshin teku ke sa bango gumi, saboda haka duk lokacin da na tuna sai in sauko da su daga kan kabad, in mulke su da man kaɗanya, in hau rufi in shanya su a ranar Jidda, wadda ko ƙarfe ba ta raga masa. In bar su kwana da kwanaki suna gasuwa, ina jin daɗi wai ina kula da amana. Matan maƙwabta in sun hau shanya sai su yi ta ƙus-ƙus. Safiya ta sha roƙona in ba ta su ta shuka na'ana'a a ciki. Baƙo kuwa in tsautsayi ya sa ya tambayi menene waɗannan, ya shiga uku, don sai shayinsa ya huce ban gama ba shi labarin dutse ba.

Ana nan, shekaru goma sha wani abu suka shige. Kasuwar maigida ta ja baya, matarsa Madam ta fara cewa direba biyu sun yi wa gidan yawa. Ɗayan direban, Usman, matashi ne ɗan Sudan, ya san sababbin tituna, bayansa ba ya ciwo, idonsa ba ya neman tabarau. Kowa a gidan ya san in lokacin sabunta iƙama ya zo, ɗayanmu za a sallama, kuma ba sai an yi duba ba kafin a san wane. Tsoro ya kama ni sosai, don in aka buga mini fita ta dindindin, ba ni kaɗai zan fita ba. Safiya ba ta san wata ƙasa ba sai wannan, 'yata Hawwa kuwa Hausarta ma a karye take.

Cikin wannan zullumi sai Abu Tarik ya ce bana za a je Lubnan da kowa da kowa, yara sun girma, sun dame shi. Ya ajiye tumbi, gwiwa ta fara ba shi labari, yana neman wanda zai riƙa bin yaran a kan tudu. Ina jin haka na ga ƙofa ta buɗe. Na rage gudun mota, na dube shi ta madubi.

"Allah ya ja da ranka, ni fa ƙafata ba ta manta ba. Takalman nan da ka ba ni ma suna nan kamar jiya ka cire su."

Na ga idonsa ya kawo ruwa. Ya ce wallahi bai taɓa zaton akwai mai riƙe zumunci haka ba, halas, magana ta ƙare, da ni za a tafi, Usman ya tsare gida. Ranar na koma Nuzla ina tafiya kamar an naɗa ni.

Safiya ce kaɗai ba ta taya ni murna ba. Tana ninke mini kaya ta ɗaga takalmi ɗaya, ta juya shi, ta ce, "Ya Abu Hawwa, wannan abin ya girmi 'yarka. A can ba a ba da haya ne? Ka karɓa kamar kowa mana."

Na gaya mata ba ta san kan harkar ba, mai wasa na gaskiya ba ya sa takalmin da ƙafar wani ta yi gumi a ciki. (Ni da na yi rabin rayuwata cikin gwanjo.) Ta ce, "Ɗayyib, shi ke nan," ta tura shi cikin jaka.

Washegarin isarmu aka shiga shagon haya, aka auna wa kowa takalmi da alluna. Da aka zo kaina na ce alluna kawai nake so, na zaro jajayena a gaban jama'a suna ƙyallin mai. Abu Tarik ya kira Madam da yara su zo su gani, yana ba su labarin zamaninmu. Madam ta toshe hanci, don man kaɗanyar da ya kwana biyu ba ya ɓoye kansa. Aka shirya cewa ni zan fara hawa ƙaramin tudu in sauko, yara su ga yadda ake yi, maigida kuma ya tsaya a ƙasa da kyamara.

Na hau kujerar nan mai rataye a waya, ta kai ni sama. Iska ta buge ni, na ji ƙuruciyata ta dawo, har na ɗaga musu sandar da ake dogarawa. Na tura kaina, na fara gangarowa lafiya lau. Sai na ce bari in ɗan karkata in nuna gwaninta, na danna ƙafar dama da ƙarfi, kawai na ji ƙas, kamar an taka busasshiyar ƙwarya. Na duba ƙasa na ga takalmin ya tsage tun daga idon sawu har yatsu. Kafin in ce innalillahi na hagu ma ya amsa. Robar da na yi shekaru ina gasawa a rufi ta haɗu da sanyi, ta ruguje gaba ɗaya. Allon dama ya kama gabansa da tafin takalmin a manne, ya bar ni da ƙafa cikin soso da safa. Na hagu ya ƙi rabuwa da ni, ya ja ni a kaikaice, ina zuba jajayen ɓaraguzai a bayana, ina ihu da Hausa a inda ba mai jin ta.

Da a ce faɗuwa kawai na yi, da an yi dariya an tashi. Amma Abu Tarik yana tsaye, ido ɗaya a rufe ɗaya a kyamara, bai ankara da cewa abin da yake gani yana ƙara girma shi ya nufo ba. Na ɗauke shi ta gwiwa. Muka zube tare, ni a sama, shi a ƙasa, na ji wata ƙarar ta biyu wadda ba ta roba ba ce.

Masu ceto suka zo suka ɗaure shi a kan gadon ja. Ni na miƙe ina bin su a baya da safa jiƙe, guntun takalmi ɗaya yana reto a ƙwaurina da maɗaurinsa, mutane suna darewa suna kallo. Yara suna kuka, ko ƙafa ba su ɗora a kan allo ba, hutun da suka yi shekaru suna roƙo ya ƙare tun kafin azahar. Madam ba ta zage ni ba, da ma ta zaga. Ta dube ni tun daga kai har safa, ta ce, "Kai ne mai bin yaran?" Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba, na so ƙanƙarar ta buɗe in shige.

Gwiwa ce ta tarwatse, aka yi aiki aka sa ƙarfe. Da muka dawo Jidda Madam ta ce wanda ya karya shi ya ɗauka, saboda haka na yi watanni ina tura keken maigida, ina kai shi wanka, Usman yana wucewa da makullin mota yana gaishe ni da ladabi. Abu Tarik bai taɓa tayar da maganar ba sai sau ɗaya, ina sa masa safa, ya tambaye ni a ina na ajiye takalman duk shekarun nan. Na gaya masa gaskiya, har da man kaɗanya da shanya. Ya dubi silin, ya ce, "La haula wala ƙuwwata illa billah."

Da lokacin iƙama ya zo ya sabunta mana, ni da Safiya da yara, Allah ya saka masa. Amma mota ta tafi ke nan, don Madam ta rantse ba za ta sake shiga abin da nake ja ba. Aka mai da ni gadin sito a can bayan gari ta kudu, inda ko motar haya ba ta son zuwa. A can nake kwana, in dafa wa kaina, in zo Nuzla ranar Juma'a in koma kafin magariba. Ƙaramin ɗanmu ya fara tafiya ba na nan, ya fara magana ba na nan, in na shigo sai ya ɓuya a bayan uwarsa.

Abin da na koya bai da yawa, amma na biya shi da tsada. In ka rabu da abu shekara da shekaru, shi ma ya rabu da kai, ko kana shafa masa mai. In kuma bakinka ya matsa sai ka yi alfahari da shi, to ka yi a gaban maƙwabta da masu shan shayi, kada ka yi a gaban mutumin da takardun 'ya'yanka suke aljihunsa.