Ranar da Surukina Ya Shafa Ruwan Sigari a Gemu

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa zai kai ni in manta hanyar gidanmu, da safiyar sunan ɗana na fari a Jiratawa. Bari in faro muku daga tushe, don ku gane yadda aka yi mutum mai gemu, mai koyar da ƴaƴan mutane ladabi, ya miƙe yana ihu a tsakiyar tabarmar surukai.

Ni malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a Maradi, abin da yara ke kira mushe, kuma shekara goma sha huɗu na yi ina shan sigari. Ba shan gayu ba, shan gaske. Kara ɗaya bayan asuba, ɗaya kafin in shiga aji, biyu in yara sun fita shan iska, sauran kuwa Allah kaɗai ya san adadinsu. Duk a ɓoye, a ganina: bayan katangar lakwal, bayan gidanmu na unguwar Zariya, sai alawar na'a-na'a a kowane aljihu. Wanda na fi ɓoye wa a duniya shi ne surukina, Baba Lawali, manomin rani a Jiratawa, mutumin da ko tari ban taɓa yi da ƙarfi a gabansa ba.

Matata Hadiza ta yi magana har ta gaji ta bari. Da cikinta ya tsufa ta tafi gidansu goyon ciki, ta haihu a likita, wato asibiti, namiji. Na je da rawar jiki, na miƙa hannu zan karɓi yaro, sai ungozomar, wata dattijuwa mai gilashi wadda ba ta san wasa ba, ta shinshina iska ta janye shi.

"Mushe, je ka wanke hannu ka sake riga tukuna. Wannan ƙirjin kwanansa ɗaya a duniya, ba za a fara mishi da hayaƙi ba."

A gaban mata shida fa! Hadiza ta juya fuska ta kalli bango, kuma wannan juyawar ta fi maganar ciwo. A bakin ƙofar likitar na rantse ni da sigari mun rabu. (Na taɓa rantsewa sau uku a baya. Sau ɗaya na koma cin goro har haƙorana suka yi ja, kwana huɗu na koma ina haɗa goron da sigarin.) Amma wannan karon na ji abin har cikin ƙashina.

Abokin aikina Mushe Ayuba, ɗan Tibiri, shi ya cece ni. Yana waƙa a majami'arsu, kuma ya bar sigari ne tun da numfashi ya fara yanke masa a tsakiyar waƙa. Ya ɗauke ni a moto zuwa wani butik, wato kanti, a Sabon Gari, aka fito mini da sigarin lantarki, wani abu kamar ƙaramar tocila, da ƴar kwalbar ruwan da ake ɗura masa, tsawon ɗan yatsa, da hoton mangwaro a jiki.

"Saurara da kyau," in ji Ayuba. "A hankali ake ja, ba irin jan da ka saba ba. Ruwan nan kuma akwai nikotin ciki. Kada ka bari ya zauna maka a fata, kada ya kusanci ido, sannan ko da wasa kada ya je kusa da yaro. Ga yaro guba ne."

Na gyaɗa kai irin na ɗalibaina in ba su gane komi ba.

Da maraice a fadarmu, inda muke hira da abokai, ana dafa shayi, na fito da abin da fankama, na danna, na ja iyakar ƙarfina kamar yadda na saba. Jama'a, na ga taurari tun rana ba ta faɗi ba. Tari ya sarƙe ni, hawaye, majina, na tuntsure daga kan benci na ture butar shayi. Aka yi ta dariya har da masu riƙe ciki. Wani ya ce, "Mushe ya bar taba ya koma shan tocila!" Na tashi na kakkaɓe riga na ce ku yi dariyarku, ni dai ba zan koma ba.

Kwanakin nan ba su yi daɗi ba, kada wani ya ruɗe ku. Abin yana rage ƙishirwar, amma hannu da baki sun saba da wani abu dabam. Na yi wa aji guda tsawa saboda wani ya yi atishawa. Rana ta uku na manta ban yi caji ba, aka kuma ɗauke wuta, na yini da mataccen abu a aljihu ina tauna murfin biro har ya fashe. Sau biyu ƙafata ta kai ni teburin mai sigari, sau biyu na juyo. Tun daga ranar na zama mai tsoron yankewa: duk inda za ni, da sigarin, da wayar caji, da kwalbar ruwan. Wannan tsoron ne ya sa ranar suna na zura kwalbar a aljihun babbar rigata, tare da waya.

Na isa Jiratawa rana na fitowa, iskar fadama na kaɗawa, ga tabarmi an shimfiɗa a ƙofar gida, dattawa sun cika. Kun san uban ɗan fari ba ya zaƙewa, sai na raɓe can gefe na sunkuyar da kai kamar ba ni na haifa ba. Aka raba goro da dabino, liman ya raɗa suna, aka shafa fatiha, aka yanka rago. Wanzami ya shiga ciki yi wa yaro aski. Komi lafiya lau. Har na fara yaba wa kaina: kwana shida ba kara ko ɗaya, ga ni tsaf a gaban surukai ba na warin komi.

Sai wayata ta yi ƙara. Ayuba ne, yana zuwa sunan ya ɓata hanya. Na yi sauri in zaro ta kada ta dami dattawa, kwalbar ta biyo ta, ta faɗo, ta gangara a kan tabarma, ta wuce ƙafafun mutum huɗu, ta je ta tsaya a gaban Baba Lawali. Duk faɗin tabarmar nan, wai sai gabansa.

Ya ɗauka ya jujjuya. Rubutun na Faransanci ne, shi kuwa karatunsa na allo ne. Ya murɗe murfin da ƙyar, ya kai hanci, fuskarsa ta washe.

"Kai, masha Allah! Mushe, wanga turare daga ina?"

To, a nan ne ya kamata in ce, Baba, ba turare ba ne. Kalma huɗu. Amma in na faɗa za a tambaye ni mene ne, in na amsa kuma asirin shekara goma sha huɗu ya tonu a gaban liman da dattawan gari. Na buɗe baki, sai na ji muryata tana cewa:

"Daga Kano, Baba."

(Ban taɓa zuwa Kano ba. Har yau ban san abin da ya kawo Kano bakina ba.)

Kun san al'adar dattawa da turare a taro: ba a shafawa a mayar aljihu, sai ya zagaya. Baba Lawali ya ɗiga a tafin hannu, ya murza, ya shafa a gemu, ya shafa a wuyan riga. Ya ɗiga wa liman. Liman ya shafa ya ce, "Amma da kauri, ka ji na asali." Kwalba ta kama hanya, hannu zuwa hannu, kowa na sa mini albarka. Wani tsoho ya ce shi turaren ma kamar a lasa. Ni ina zaune, gumi na bin bayana, ina lallashin kaina cewa ɗigo ɗaya ne, dattawa ne, fatarsu ta sha rana, za su wanke in sun tashi alwala. Ƙudaje suka fara taruwa a gemun liman, yana kora yana murmushi. Wallahi na ga wannan duka, kuma na yi shiru.

Kwalbar ta dawo hannun surukina da saura kaɗan. Ya ɗaga ta ya duba, sannan ya juya wajen ƙanensa da ke zaune kusa da zaure.

"Ilu, kai ma mata wanga. In wanzami ya gama, a shafa ma yaro a kai. Turaren ubanshi ne, shi ya fi cancanta."

Kan da aka aske yanzu-yanzu. Jaririn kwana bakwai.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na taka farantin dabino, na tsallake wani dattijo, hulata ta faɗi, na damƙe hannun Baba Ilu a bakin zaure ina ihu:

"Kada a kai! Don Allah kada a kai! Ba turare ba ne, ruwan taba ne!"

Hannun liman ya tsaya cak a gemunsa.

"Ruwan mi?" in ji Baba Lawali.

"Ruwan taba, Baba. Na sigari. Na lantarki."

"Taba tana da ruwa? Kuma ta lantarki?"

Ba yadda zan yi, na zaro abin daga aljihu na ɗaga shi sama. Na yi bayanin da ban taɓa yin mai wuyarsa a aji ba: cewa ni mashayin sigari ne tun kafin in auri ƴarsu, cewa ina ƙoƙarin bari ne, cewa wannan ruwan ba a shafa shi, kuma don girman Allah kowa ya tashi ya wanke hannu da gemu da sabulu yanzu-yanzu.

Ai kuwa wuri ya kacame. A kawo buta! Ina sabulu? Dattawa goma sha suka jeru a bakin kwata suna wanke gemu da sabulun wanki, kumfa har kunne. Liman na tambaya ko rigar tasa za ta yi salla. Tsohon da ya ce kamar a lasa ya matso ya raɗa mini cewa shi fa ya ɗan lasa, sai da muka sa shi ya kurkure baki sau bakwai, aka zaunar da shi a inuwa ana dubansa. (Ba abin da ya same shi, alhamdu lillahi, sai tofar da yawu da ya yini yana yi.) Daga cikin gida kuwa na ji labarin ya isa, don dariyar mata ta tashi har da guɗa. Ana cikin haka Ayuba ya iso a moto, ya kalli layin masu wankin gemu, ya kalle ni, ya kashe moto ya dafe kai.

Da hayaniya ta lafa, Baba Lawali ya kira ni bayan rumbu, gemunsa na ɗigar ruwa. Na durƙusa. Na so ƙasa ta tsage.

"Mushe, tabarka ba baƙuwa ba ce. Ran da ka fara zuwa gaisuwa na ji ta, alawa ba ta ɓoye ta. Na yi shiru don kai ma ka yi mini kara." Ya matse gemu. "Abin da ya ɓata mini rai, ka zauna kana kallo na shafa ma liman. Kunyata ta fi maka lafiyata?"

Na ce, "Na tuba, Baba."

"Amma ka tashi don yaron. Wannan na gani." Ya miƙo mini kwalbar da yatsa biyu. "Riƙe abinka. In da gaske bari za ka yi, ka bari a gaban mutane, tunda a gabansu ka faɗa."

A hanyar komawa Maradi ne aka yi yaƙin gaske. Duk mashayi ya sani, ba lokacin da sigari ke kira kamar bayan an sha kunya. Na tsaya a teburin da na saba saye, mai teburin ya gan ni ya zaro karan tun ban yi magana ba. Na daɗe ina kallonsa, bakina har ya tara yawu. Sai na tuna dattawa goma sha sun wanke gemu saboda na ce ina bari. In na kunna wannan karan, wankin nan ya tashi a banza, kuma ni ne mutumin da ya yi ƙarya sau biyu a safiya ɗaya. Na ce ya mayar, na tayar da moto.

Ban sake kunna sigari ba. Na lantarkin ma na yi ta rage ƙarfin ruwansa wata bayan wata, ina faɗuwa ina tashi da jaraba, har na ajiye shi kafin yaron ya fara tafiya. A Jiratawa dai sunana ya riga ya zauna, Mushe Mai Turare, kuma duk taron da na je, in aka fito da kwalba, sai wani dattijo ya miƙo mini ya ce in duba musu tukuna.

Abin da na koya? Shekara goma sha huɗu ina gadin asirin da kowa ya sani, har na kusa biyan kuɗin gadin da kan ɗana. In za ka bar wani hali, faɗa wa mutane da bakinka tun kana zaune, kafin ranar da za ka faɗa a tsaye, ba hula, da dabino a tafin ƙafa.